Ina Ayyukan Banki da Inshora Suke Komawa a Jihohin Amurka?

A farkon 1980 bankin Citibank yana tafka asara a kan katunan bashi da yake bai wa jama'a. Kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabo a Amurka, bankin yana samo kuɗi da tsada, ga kuma dokar jihar New York ta sa masa iyakar ruwan da zai ɗora wa masu cin bashinsa. Kafin nan, a ƙarshen 1978, Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a shari'ar da aka sani da Marquette, cewa bankin da ke da rajistar tarayya zai iya bin dokar kuɗin ruwa ta jihar da yake zaune, ko da abokin cinikinsa yana wata jiha. Gwamnan Dakota ta Kudu na lokacin, Bill Janklow, ya hango damar da ke cikin hukuncin. Jiharsa ta cire iyakar kuɗin ruwa, ta kuma yi dokar da ta buɗe wa bankin ƙofa. A 1981 Citibank ya kwashi harkar katunansa ya kai birnin Sioux Falls, a jihar da aka fi sani da noma da kiwo. A shekarar ce kuma jihar Delaware ta yi tata dokar mai kama da wannan, bankuna suka yi ta kwarara zuwa birninta na Wilmington.

Na fara da wannan labarin ne domin wanda ya buɗe jadawalin guraben aiki na Delaware a yau, ya ga kusan ma'aikaci ɗaya cikin goma sha ɗaya yana ɓangaren kuɗi da inshora, kusan ninki biyu na matsakaicin ƙasar, jadawalin ba zai gaya masa dalili ba. Dalilin yana cikin hukuncin kotu da dokar majalisar jiha da suka haura shekara 40. Haka lissafin ayyukan wannan ɓangare yake a kusan kowace jiha: lambar da ake gani wata-wata sawu ce, ƙafar da ta taka ta daɗe da wucewa. Wanda ke son ya fahimci inda ayyukan suka dosa, sai ya san yadda ake ƙirga su, ya san abin da aka haɗa a buhu ɗaya, ya kuma san abin da ƙirgan ya tsallake.

Hukumar da ke wannan ƙirga ita ce Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago, wadda ake taƙaitawa da BLS, a ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya, tare da ofisoshin ƙwadago na jihohi. Tana da ma'auni biyu da suka shafi zancenmu, kuma rikita su shi ne tushen rabin kurakuran da ake yi. Na farko binciken wata-wata ne, CES, inda ake tambayar kamfanoni da hukumomi kusan 120,000 mutum nawa suka biya albashi a zangon biyan da ya haɗa da ranar 12 ga wata. Daga amsoshinsu ake kimanta na sauran. Yana da sauri, amma samfuri ne, kamar wanda ya ɗebi kaɗan daga saman buhu ya yi hukunci kan abin da ke ƙasa. Na biyun, QCEW, yana fitowa duk wata uku daga takardun harajin inshorar rashin aiki da doka ta wajabta wa kusan kowane mai ɗaukar ma'aikata ya cike. Ya ƙunshi sama da kashi 95 cikin 100 na ayyukan ƙasar, yana sauka har matakin gunduma, yana kuma nuna albashin da aka biya. Illarsa jinkiri: sai bayan wata biyar zuwa shida yake isowa. Sau ɗaya a shekara ake ɗaukar na biyun a gyara na farkon da shi.

A matakin ƙasa baki ɗaya, samfurin yana da girman da za a iya dogara da shi. A matakin jiha ɗaya, a ɓangare ɗaya na tattalin arziki, sai ya ƙanƙance. Jiha irin Wyoming ko Vermont, inda ma'aikatan kuɗi da inshora 'yan dubbai ne, kamfani guda ya makara wajen aiko da amsarsa zai iya sa lambar wata ta yi sama ko ƙasa ba tare da an ɗauki kowa ko an sallami kowa ba. Hukumar da kanta tana jan kunne cewa kada a tara alƙaluman jihohi 50 a zaci za su yi daidai da na ƙasa, domin kowanne dabam ake kimanta shi. Duk da haka, duk wata za ka ga an ɗauki ƙarin guraben aiki 300 ko raguwar 400 a wata jiha an gina labari a kai. Ni dai a ganina, duk wanda bai kwatanta watan bana da takwaransa na bara ba, bai kuma jira gyaran shekara ba, ya yi gaggawar magana.

Sai batun buhun da aka zuba komai a ciki. Tun 1997 Amurka da Kanada da Meziko suke amfani da tsari ɗaya na rarraba sana'o'i, NAICS, wanda ake sabuntawa duk shekara biyar. A cikinsa lamba 52 ita ce kuɗi da inshora, kuma mutum kusan miliyan 6.7 ne ke aiki a ƙarƙashinta, wato kusan kashi 4 cikin 100 na ma'aikatan ƙasar da ba na gona ba. Inshora ce ta fi yawa da kusan miliyan 3. Bankuna da sauran masu ba da bashi suna bi mata da sama da miliyan 2.5. Harkar hannun jari da sarrafa dukiyar masu zuba jari, wadda ita ce ke zuwa wa mutane a rai idan an ce Wall Street, titin hada-hadar kuɗi na birnin New York, ba ta wuce miliyan 1 da kaɗan ba. Akwai kuma babban bankin ƙasar da asusun amana, amma waɗannan ƙalilan ne. A wasu rahotannin jihohi ma ba a ware lamba 52 ita kaɗai. Ana haɗa ta da 53, wato dillancin gidaje da haya, a kira su harkokin kuɗi, sai jimlar ta haura miliyan 9. Wanda bai lura ba sai ya ƙirga mai kula da gidan haya a Phoenix a matsayin ma'aikacin banki.

Ko a cikin 52 ɗin kanta, kashiyar da ke ƙirga kuɗi a reshen banki na ƙaramin gari, da matar da ke amsa waya tana karɓar ƙorafin wanda motarsa ta yi haɗari, da masanin lissafin da ke auna yiwuwar mutuwa ko gobara domin a sa farashin inshora, da ɗan kasuwar hannun jari da ke karɓar alawus na miliyoyin daloli a ƙarshen shekara, kowannensu gurbi ɗaya ne a jadawali. Nan ne maganar da aka fi yayatawa a shekarun nan take buƙatar a tsaya a kanta, wato cewa Texas ta ƙwace wa New York kambu.

Akwai gaskiya a ciki, kuma ba ƙarama ba. Kamfanin Charles Schwab ya mayar da hedikwatarsa daga San Francisco zuwa Westlake a Texas a farkon 2021. Goldman Sachs yana da dubban ma'aikata a Dallas da kuma Salt Lake City a jihar Utah. AllianceBernstein ya sanar a 2018 cewa zai bar Manhattan ya koma Nashville a Tennessee, Citadel kuma ya bar Chicago zuwa Miami a 2022. Texas da Florida da Tennessee ba sa karɓar harajin jiha a kan albashi, kuma hayar ofis da kuɗin gida sun fi sauƙi a mafi yawan biranensu. Idan kawuna za a ƙirga, Texas ta zarce jihar New York a yawan ma'aikatan kuɗi da inshora.

Amma a duba yawan jama'a. A ƙidayar 2000 Texas tana da mutum kusan miliyan 21, New York kusan miliyan 19. A ƙidayar 2020 Texas ta haura miliyan 29, New York tana kan miliyan 20 da kaɗan. Mutum miliyan 8 da suka ƙaru suna sayen mota, dole su yi mata inshora. Suna sayen gida, dole su nemi bashi. Suna buɗe asusu, dole a buɗe musu reshe. Babban kaso na ayyukan wannan ɓangare bin jama'a yake yi duk inda suka tafi, kamar yadda shagon aski ko asibiti yake yi. Irin wannan ƙaruwa ba a ƙwato ta daga hannun kowa ba. Abin da za a iya cewa an ƙwato shi ne ayyukan da ake yi wa mutanen wasu jihohi da wasu ƙasashe, waɗanda ke shigo da kuɗi daga waje. A nan ma akwai bambanci tsakanin aikin bayan fage, kamar tantance takardu, kula da na'urori da bin ƙa'idojin hukuma, da kuma teburin da ake ƙulla cinikin biliyoyi. Na farkon ne ya fi yin ƙaura.

Ofishin babban mai binciken kuɗi na jihar New York, wanda Thomas DiNapoli ke riƙe da shi tun 2007, yana fitar da rahoto kan masana'antar hannun jari kowace shekara, kuma rahoton yana nuna fuska biyu. Kason birnin New York na ayyukan hannun jarin ƙasar ya sauko daga kusan kashi ɗaya cikin uku a 1990 zuwa ƙasa da ɗaya cikin biyar. Wannan koma baya ne na haƙiƙa. A ɗaya gefen, mutum kusan 200,000 da ke wannan aiki a birnin matsakaicin abin da suke samu a shekara yana kusa da rabin miliyan na dala, kuma masana'antar tana kawo kusan kashi ɗaya cikin biyar na harajin da jihar ke tarawa. Gurbi ɗaya a can yana iya ɗaukar albashin gurabe da dama na cibiyar amsa waya a wata jiha. Gwamnan da ke son sanin mutum nawa suka samu abin yi, ya ƙirga kawuna. Wanda ke son sanin abin da zai shiga baitulmali, sai ya koma kan jimlar albashi, kuma jadawalin wata-wata ba zai wadatar da shi a nan ba.

Domin kauce wa ruɗin girma, masu nazari suna amfani da wani lissafi mai sauƙi. A ɗauki kason da ɓangaren yake da shi a ayyukan jiha, a raba da kasonsa a ayyukan ƙasa. Idan an samu 1, jihar tana daidai da kowa. Idan an samu 2, ta ninka. Da wannan ma'auni taswirar sai ta sauya kama. Kalifoniya, duk da tarin ma'aikatanta, sai ta faɗo ƙasa da matsakaici, ƙananan jihohi kuma su hau sama: Delaware saboda katin bashi, Connecticut saboda Hartford, inda kamfanin inshora na The Hartford yake tun 1810, takwaransa Aetna kuma tun 1853, Iowa saboda Des Moines da kamfanin Principal, Nebraska saboda Omaha. Ga waɗannan jihohi rufe ofishi ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Bloomington a Illinois gari ne da rayuwarsa ke jingine da kamfanin inshora na State Farm, amma a jadawalin jihar inuwar Chicago ta rufe shi, sai an sauka matakin gunduma ake ganinsa. Wani lokacin ma ko an sauka ba a gani, domin idan kamfani ɗaya ya mamaye wata sana'a a gunduma, hukumar takan ɓoye lambar don kada a gano sirrin albashinsa. Wato wuraren da suka fi dogaro da kamfani guda su ne bayanansu suka fi ƙaranci, kuma wannan yana damuna, domin su ne suka fi buƙatar a san halin da suke ciki kafin abu ya faru.

Me ya sa inshora ta bazu a garuruwan tsakiyar ƙasa haka, alhali hannun jari ya taru a tsibiri guda, wato Manhattan a birnin New York? Wani ɓangare na amsar doka ce. Tun da daɗewa jihohi ne ke sa ido a kan inshora, dokar McCarran-Ferguson ta 1945 kuma ta tabbatar musu da hakan, kowace da kwamishinanta da ƙa'idojinta da harajinta, sai kamfanoni suka kafu inda suka ga sauƙi suka yi jijiya. Bankuna ma sun daɗe a ɗaure cikin iyakokin jihohinsu, har dokar Riegle-Neal ta 1994 ta buɗe musu hanyar buɗe rassa a ko'ina. Daga nan haɗaka ta kankama. A tsakiyar shekarun 1980 bankunan kasuwanci sun haura 14,000. Yanzu duk cibiyoyin da hukumar FDIC ke lamunce wa ajiyarsu ba su kai 5,000 ba. Duk bankin da aka haɗiye, hedikwatarsa ta tashi daga wani gari, manyan ayyukanta sun koma wani. Charlotte a Carolina ta Arewa ta zama babbar cibiyar banki ta wannan hanya, ta kuma ɗanɗani ɗacinta a 2008 lokacin da Wells Fargo na San Francisco ya sayi bankin Wachovia mai hedikwata a birnin.

Shekarar 2008 ɗin tana koyar da wani abu game da karanta lokaci. Mutane suna tuna 15 ga Satumba, ranar da bankin zuba jari na Lehman Brothers ya durƙushe. Amma ayyukan harkokin kuɗi sun kai ƙololuwarsu tun ƙarshen 2006, a kusan miliyan 8.4, daga nan suka fara zamewa har suka sauka kusan miliyan 7.7 bayan shekara huɗu. Wanda ke kallon gundumar Orange a Kalifoniya, matattarar masu ba da bashin gida ga waɗanda ba su da ƙarfin biya, ya ga hayaƙin tun da wuri. Ɗaya daga cikinsu, kamfanin New Century na Irvine a gundumar, ya karye a Afrilun 2007, shekara ɗaya da rabi kafin wutar ta kama Wall Street. Wannan ita ce babbar fa'idar bin sawun jihohi da gundumomi: lambar ƙasa tana haɗa mai zafi da mai sanyi ta ba da ɗumi, ta jiha kuwa takan nuna inda tukunyar ta fara tafasa.

An sake ganin irin haka kwanan nan. A 2020 da 2021 ruwan bashin gida ya sauko ƙasa da kashi 3 cikin 100, miliyoyin masu gida suka ruga sabunta bashinsu, kamfanonin lamuni suka yi ta ɗaukar ma'aikata. Daga Maris 2022 babban bankin ƙasar ya fara ɗaga kuɗin ruwa, daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5 a Yulin 2023, ruwan bashin gida ya kusa kashi 8 a Oktoban shekarar. Ciniki ya tsaya, sallama ta biyo baya. Jihar da ke da tarin irin waɗannan kamfanoni, kamar Michigan inda Rocket Mortgage yake a Detroit, ta ji abin a jikinta fiye da jihar da ta dogara da inshorar rai. Wanda ya ga lambar ta sauka ya ɗora laifin a kan gwamna ko harajin jiha, ya bar jaki yana dukan taiki, domin a Washington aka yanke shawarar.

Akwai kuma waɗanda ƙirgan bai gan su ba ko kaɗan. Binciken wata-wata masu karɓar albashi yake ƙirgawa, don haka dillalin inshora mai zaman kansa, ko mai bai wa mutane shawara kan ajiyarsu da ke cin gashin kansa, ba ya ciki. A jihohi da dama dillalan da ke rayuwa a kan kamasho kaɗai ba sa cikin tsarin inshorar rashin aiki, sai a ƙiyasta yawansu ta wata hanya. Sannan rarrabawar tana bin aikin da kowane ofishi yake yi ne, ba sunan da ke jikin ginin ba. Idan banki ya sallami masu kula da kwamfutocinsa 500 ya ba wani kamfani kwangilar aikin, ko da mutanen nan 500 ne suka ci gaba da zama a kujerunsu, jadawali zai nuna ɓangaren kuɗi ya yi asarar 500, ɓangaren fasaha ya samu 500. Kamfanonin biyan kuɗi ta manhaja wasu ana sa su a 52, wasu a cikin masu haɗa manhaja ko sarrafa bayanai. Hedikwatar wani kamfani ma tana iya faɗawa lamba 55, ta masu gudanar da kamfanoni.

Wurin aiki da wurin kwana su ma abu biyu ne. Alƙaluman da muke magana a kansu suna ƙirga gurbi ne a inda ofishi yake. Dubban mutanen da ke tsallaka kogin Hudson kowace safiya daga New Jersey, ko masu shigowa a jirgin ƙasa daga Connecticut, ayyukansu na New York ne a jadawali, duk da cewa albashin a wata jiha ake kashe shi. Tun annobar korona ta 2020 aiki daga gida ya ƙara dagula lissafin, domin ma'aikaciyar da ke zaune a Idaho tana tantance takardun inshora za a iya rubuta ta a ofishin da take kai rahoto a wata jiha, gwargwadon yadda kamfaninta ya cike takarda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lafiyar ma'aunin kansa. Yawan kamfanonin da ke amsa binciken wata-wata ya ragu daga kusan kashi 60 cikin 100 kafin annobar zuwa ƙasa da rabi. Idan masu amsawa sun ragu, gyare-gyaren baya sai su yi girma. A Agustan 2024 hukumar ta sanar cewa lissafin farko ya nuna ta zarce da guraben aiki 818,000 a ƙirgan ƙasa na Maris ɗin shekarar, kafin daga baya a rage lambar gyaran. A ranar 1 ga Agustan 2025, bayan wani rahoto da ya zo da babban gyara, Shugaba Donald Trump ya kori shugabar hukumar, Erika McEntarfer. Ra'ayina a nan a fili yake. Gyara ba alamar maguɗi ba ce. Shi ne abin da mai gaskiya yake yi idan cikakkun takardu sun iso hannunsa. Hukumar da ke tsoron gyara kuskurenta ita ce abin tsoro. Kwalejin da ke Des Moines tana duba waɗannan alƙaluma kafin ta yanke ko za ta faɗaɗa koyar da lissafin inshora, majalisar jiha tana duba su kafin ta yafe wa kamfani harajin miliyoyi da sunan zai kawo ayyuka, kuma da su ne kaɗai za a iya komawa bayan shekara biyar a tambayi kamfanin ina ayyukan da ya yi alkawari.

Tambayar da ke gaba ita ce ta na'ura. Rassan bankuna sun kai ƙololuwar yawansu wajen 2009, tun daga lokacin ake ta rufe su, aikin kashiya yana raguwa saboda waya ta zama reshe. Yanzu fasahar ƙirƙirarriyar basira ta fara shiga aikin tantance takardun bashi, amsa kiran abokan ciniki da duba buƙatun biyan diyya. Waɗannan su ne ainihin ayyukan bayan fage da Sioux Falls da Jacksonville da San Antonio da unguwannin Dallas suka ci gajiyarsu lokacin da kamfanoni ke neman wuri mai sauƙin kuɗi. Idan ragin ya zo, ba lallai ya bayyana a jimlar lamba 52 ba, domin ƙaruwar injiniyoyi da masu kula da dukiyar attajirai tana iya rufe shi. A binciken sana'o'i na shekara-shekara, wanda ke ƙirga kashiyoyi dabam, magatakardan lamuni dabam, masu duba diyya dabam a kowace jiha da kowane babban birni, a nan za a fara ganinsa.